Tsofaffin Chaina da waya: shin intanet ta ƙara musu sanin lafiya?

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar lafiya ce ta turo tambaya, tace tana yawan ganin bidiyon tsofaffin Chaina suna biyan kuɗin cefane da waya, suna yankar katin asibiti da waya, to wai hakan yana nufin sun fi iyayenmu iya bambance labarin lafiya na gaskiya da na ƙarya a intanet? ko suma ana yi musu irin wadda ake yiwa namu a WhatsApp? Tace kuma tana so ta yi ɗan bincike a kan dattawan da suke zuwa asibitinsu, tana neman shawarar abinda zata auna su da shi.

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. Amsar a gajarce ita ce a'a, hakan baya nufin sun fi iyayenmu. Iya danna waya daban, iya tace abinda yake cikinta daban, Chaina ta yi ƙoƙari sosai a na farkon amma na biyun har gobe ana fama, kuma ni a fahimtata matsalar ma ba a yatsa take ba, a wajen yarda take, wato wa tsoho ya yarda dashi kuma me yasa.

Ki fara sanin yawan mutanen da muke magana a kansu. A ƙidayar 2020 waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, kashi 18.7 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, zuwa ƙarshen 2024 kuwa sun haura miliyan 310, kinga tsofaffinsu kaɗai sun fi mutanen Najeriya gaba ɗaya yawa. Hukumar da take fitar da alƙaluman intanet a can, CNNIC, tace a watan Disambar 2021 tsofaffi miliyan 119 ne suke hawa intanet, kashi 43.2 kenan na masu wannan shekarun. Daga baya adadin ya ƙaru, amma na zaɓi rahoton wannan shekarar ne saboda akwai wani abu a cikinsa da ya amsa rabin tambayarki. An tambayi su waɗanda suke hawan me da me suke iya yi da kansu ba tare da an taya su ba. Masu iya nuna lambar lafiya ta korona a waya kashi 69.7, masu iya sayen kayan masarufi kashi 52.1, masu iya neman bayani da kansu kashi 46.2. Toh kin gani, abinda aka tilasta musu sun iya, abinda ya shafi kuɗi rabi sun iya, amma neman bayani ko rabi basu kai ba, kuma wannan fa neman ne kawai, ba'a zo maganar gane mai kyau da marar kyau ba tukunna.

Korona ce ta tura da yawansu intanet ba don suna so ba. A watan Maris na 2020 tsofaffi kashi 6.7 ne kacal na masu hawa intanet a ƙasar, kafin Disambar shekarar sun koma 11.2. Dalili shine lambar lafiyar nan da aka fara a Hangzhou a Fabrairun 2020, kore ko rawaya ko ja, in baka nuna kore a wayarka ba ba shiga jirgin ƙasa, ba shiga bas, wani lokacin har ƙofar asibiti. Tsohon da wayarsa mai madannai ce sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ta bayani ba mai saurarensa. A Nuwambar 2020 bidiyo biyu suka tada ƙura, duka daga lardin Hubei. Ɗaya tsohuwa ce mai shekara 94 a Guangshui da danginta suka ɗaga ta cak a gaban na'urar banki don na'urar ta gane fuskarta a buɗe mata katin tallafi, ɗayar kuma a Zigui ta taka cikin ruwan sama ta je biyan kuɗin inshorar lafiya da tsabar kuɗi aka ce mata ba'a karɓar tsaba, ta kira 'yan'uwanta ko ta biya ta waya, ta zauna a gaban kantar ta rasa yadda zata yi. Ranar 24 ga watan majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da tsari cewa dole a bar hanyar da aka saba ga tsofaffi, a bar tagar yankar kati a asibiti da mutum a zaune, a cigaba da karɓar tsabar kuɗi. Daga Janairun 2021 ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa ta sa shafuka 115 da manhajoji 43 su gyara kansu saboda tsofaffi, rubutu manya, madannai ƙalilan, a cire tallan nan masu faɗowa mutum a fuska. WeChat ta fitar da nata a Satumbar 2021, daga baya ma ta ƙara da cewa in ka taɓa saƙo zata karanto maka shi da murya.

Duk wannan abin a yaba ne wallahi, bana rainawa. Sai dai ki lura duk gyaran ƙofa ne. Ƙarya in an rubuta ta da manyan baƙaƙe ai sauƙin karantawa kawai ta ƙara.

Akwai wani abu da mutanen waje basa lura dashi, rubuta Sinanci a waya ba ƙaramin aiki bane ga tsoho. Matasa suna rubuta lafazin kalma da baƙaƙen boko, tsarin da ake kira pinyin wanda aka amince dashi a 1958, sai wayar ta kawo musu harafin su zaɓa. Wanda aka haifa a shekarun 1950 a ƙauye, yunwar 1959 zuwa 1961 ta same shi yana yaro, juyin juya halin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya rikita masa makaranta, kuma a gida yaren Sichuan ko na Canton yake yi ba daidaitaccen Sinanci ba, to pinyin ɗin nan bai zauna masa ba, mata kuma sun fi shan wahalar nan don su aka fi cirewa daga makaranta. Shiyasa zaki ga tsoho yana zana harafi da yatsa a kan gilashin waya ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ya haƙura ya danna ya yi saƙon murya na daƙiƙa 60 ya tura. Mutumin da rubuta sunan ciwonsa zai ɗauke shi minti biyu ba zai je yana bincike yana gwada shafi uku ba. Kuma ki tuna can babu Google babu Facebook babu YouTube babu WhatsApp, nasu ne, Baidu na bincike, WeChat na hira da biyan kuɗi da kusan komai, Douyin da Kuaishou na gajerun bidiyo, Toutiao na labarai. Shi kansa Baidu ɗin mutuncinsa ya zube a harkar lafiya tun 2016, lokacin da wani ɗalibi a Xi'an mai suna Wei Zexi, ɗan shekara 21 mai fama da ciwon daji, ya bi sakamakon bincike da aka biya kuɗi aka ɗora a sama zuwa wani asibiti a Beijing, iyayensa suka kashe abinda suke dashi a kan maganin da ba'a tabbatar da ingancinsa ba, ya rasu a watan Afrilu bayan ya rubuta labarinsa da kansa. Hukuma ta tilasta Baidu rage talla zuwa kashi 30 na kowane shafi. Saurayi kenan mai karatun jami'a, balle kakarsa.

Saboda haka yawancin tsofaffi basa zuwa neman bayanin lafiya, bayanin ne yake zuwa ya same su. Ko dai wani ya turo a grup ɗin dangi, ko na tsofaffin abokan aiki, ko na matan da suke rawar motsa jiki tare a filin unguwa da yamma, ko kuma manhajar bidiyo ta lura ya tsaya a kan bidiyon ciwon gwiwa sau ɗaya shikenan ta dinga jero masa irinsu har dare. Kuma in saƙo ya zo, abinda yake dubawa ba wa ya rubuta ba ne, wa ya turo ne. In ƙanwarsa ce ta turo ai ba zata cuce shi ba. In mai maganar yana sanye da farar rigar likita, da furfura, kuma a ƙasan bidiyon an manna tambarin da yayi kama da na gidan talabijin na gwamnati, magana ta ƙare. Mutanen nan sun taso ne a zamanin da jarida da rediyo bakin gwamnati ne, abinda aka buga an riga an tantance shi, sai suka ɗauko wannan yardar suka kawo ta wajen da kowa zai iya buga abinda ya ga dama. Wannan ba wauta bace, ƙa'idar da ta yi musu aiki shekara 40 ce ta daina aiki ba tare da an sanar dasu ba.

Kar kuma a ɗorawa intanet komai. A 2010 ta talabijin wani Zhang Wuben, tsohon ma'aikacin masaƙa wanda bashi da shaidar likitanci, ya shahara da cewa ruwan wani ƙaramin koren wake da ɗanyen gauta suna maganin cututtuka barkatai, har ana danganta tashin farashin waken da shi. A 2017 aka bankaɗo wata tsohuwa da take fitowa a tallan magani a tashoshi daban daban, yau ita ce magajiyar maganin ƙabilar Miao, gobe na Mongol, jibi kuma ƙwararriya daga babbar jami'a. A 2011 bayan haɗarin nukiliyar Fukushima a Japan mutane suka wawashe gishiri a kantuna wai yana kare jiki daga tururin nukiliya, a Agustan 2023 aka sake maimaitawa. Mu da muka tashi cikin dare muka yi wanka da ruwan gishiri a 2014 saboda Ebola bamu da bakin yi musu dariya. Abinda waya ta ƙara shine sauri, da kuma cewa yanzu ƙaryar ta bakin ɗan'uwanka take fitowa.

Jita-jitar kala biyu ce a wajena. Akwai wadda bata da wata illa sosai, irin su kar a haɗa kaza da kaza a ciki ɗaya, ko a sha ruwan zafi da sassafe, wannan ni bana ɓata lokaci a kanta. Mai kisan ita ce wadda take sa mutum ya jinkirta zuwa asibiti ko ya ajiye maganinsa. Shanyewar ɓarin jiki tana sahun gaba a abinda yake kashe mutane a Chaina, kuma akwai saƙon da ya shekara da shekaru yana yawo a WeChat cewa in mutum ya faɗi kar a motsa shi, a samo allura a huda masa kan yatsu goma a matso jini zai farfaɗo. Allurar narkar da gudan jinin da ake yi a asibiti kuwa cikin awa huɗu da rabi take da amfani, duk mintin da aka ɓata ana huda yatsu ƙwaƙwalwa ce take mutuwa. Akwai masu zuwa a yi musu ƙarin ruwa in sanyi ya gabato wai a wanke jijiyoyi, alhali ba abinda yake wankewa. Sannan babbar, masu hawan jini, waɗanda binciken ƙasa ya ƙiyasta sun kai miliyan 245, da masu ciwon suga wajen miliyan 140, da yawa suna da tsoron cewa maganin asibiti yana cinye ƙoda ko jiki zai saba dashi, dama suna da karin maganar cewa kowane magani akwai rabonsa na guba, to da awo ya nuna jini ya sauka sai a ajiye ƙwaya a koma kan wani garin magani da aka gani a bidiyo.

Garin nan kuma ba daga sama ya faɗo ba, akwai masu sayar dashi, kuma nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau don sana'a ce mai tsari. Wata dattijuwa da muka yi hira da ita a Nanjing, tsohuwar ma'aikaciyar masana'anta mai karɓar fansho, ta miƙo min wayarta da alfahari tana nuna min "ajinsu". Abin ya fara ne da ƙwai. Wani sabon shago a bakin unguwa yana raba ƙwai kyauta ga duk wanda ya haura 60, sharaɗin kawai yarinyar shagon ta saka ki a grup. Kullum da safe ana turo mahaɗi, ki danna ki kalli "farfesa" yana lacca ta kusan awa ɗaya a kan jijiyoyin jini, a ƙarshe a yi tambaya guda mai sauƙi, in kin amsa a turo miki jan ambulan na WeChat, 'yan kwabban da ko yuan ɗaya basu kai ba, in kin cika sati baki yi fashi ba ki je shago ki karɓi taliya ko man girki. Sati biyun farko ba'a sayar da komai, kuma abinda farfesan yake faɗa rabinsa gaskiya ne, rage gishiri, yawaita tafiya. Sai a sati na uku a fara cewa maganin asibiti alamar ciwo kawai yake dannewa baya taɓa tushe, sai ga kwalin da yake taɓa tushen, farashinsa kaza amma ga 'yan aji an rage, kwali 50 ne kawai suka saura. Na ce ta buɗe min laccar jiya in gani, ta danna, babu, mahaɗin ya mutu. Da gangan ake yi, ba'a bainar jama'a ake watsawa ba balle masu sa ido su gani, kuma in ɗanta ya zo bincike ba zai tarar da komai ba. A gefen gadonta kwalaye ne jere har bango, maganin hawan jininta kuma yana cikin durowa, tace tana sha in taji kanta yayi nauyi.

Banza bata kai zomo kasuwa, ita ma ta sani, ba yarinya bace. Da na tambaye ta ko bata tsoron damfara ce, amsar da ta bani ita ce yarinyar shagon tana kiranta Mama, tana kiranta a waya kullum taji ya ta kwana, ranar da ta yi zazzaɓi ita ta kawo mata miya har gida. Ɗanta ɗaya ne tilo, yana aiki a wani birni, sai bikin sabuwar shekara yake zuwa. Dokar haihuwar ɗa ɗaya da aka yi daga 1980 zuwa 2015 ta bar miliyoyin iyaye a haka a birane, a ƙauyuka kuma 'yan cirani kusan miliyan 300 sun tafi sun bar tsofaffi da jikoki. Mai sayar da garin ya san wannan sarai, lokacinsa yake bayarwa kafin ya karɓi kuɗi, likitan babban asibiti kuwa da yake ganin mutum da yawa kafin azahar minti kaɗan zai baka ya kira na gaba.

Gwamnati tana kai samame lokaci lokaci. A 25 ga Disambar 2018 shafin likitocin nan Dingxiang Yisheng ya fallasa kamfanin Quanjian na Tianjin, da labarin wata ƙaramar yarinya mai ciwon daji da aka dakatar da maganinta na asibiti aka koma kan kayan kamfanin har ta rasu, aka kama mai kamfanin Shu Yuhui, a Janairun 2020 aka yanke masa shekara 9. An yi samamen kwana 100 a kasuwar kayan ƙarin lafiya a farkon 2019, kuma tun Janairun 2020 dole kowane kwali ya ɗauki gargaɗi ɓaro ɓaro cewa wannan ba magani bane kuma baya maye gurbin magani, bayan tambarin shuɗiyar hula da yake nuna an yi masa rijista. Akwai lambar 12315 ta kai ƙarar 'yan kasuwa, da 96110 ta yaƙi da damfara. Amma ana toshe nan suna ɓullowa can. A ƙarshen 2024 sai ga bidiyon Dakta Zhang Wenhong, likitan cututtuka masu yaɗuwa na Shanghai da kowa ya sani lokacin korona, yana tallan wani abincin gina jiki, fuskarsa ce muryarsa ce amma ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa, shi da kansa ya fito ya ƙaryata. Daga 1 ga Satumbar 2025 doka ta ce dole a yiwa irin wannan bidiyon alama, to amma ɗan damfara ne zai tsaya manna alama?

Nasan zaki ce to a koya musu su dinga bin kafofin hukuma kawai mana. Shawara ce mai kyau a mafi yawan lokuta, amma ba ko yaushe ba. Daren 31 ga Janairun 2020 jaridar People's Daily, ta jam'iyya mai mulki, ce da kanta ta wallafa cewa wasu cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Shanghai ɗaya a Wuhan, sun gano maganin gargajiyar nan Shuanghuanglian yana danne ƙwayar korona. Kafin gari ya waye ya ƙare a kemis, mutane sun yi layi cikin sanyi a daidai lokacin da ake cewa kowa ya zauna a gida, har na dabbobi an saye. Washegari aka fito ana cewa dannewa a ɗakin gwaji ba rigakafi bane ba kuma warkarwa bane. Shi kuma Dingxiang Yisheng da yake cikin masu ƙaryata jita-jita da aka fi yarda dasu, an dakatar da shafukansa a Agustan 2022, watanni bayan ya yi tambaya a kan wani maganin gargajiya da ake rabawa gida gida, abinda aka rubuta kawai shine ya saɓa ƙa'ida. Maganin gargajiya a can yana da asibitocinsa da jami'o'insa da goyon bayan gwamnati, don haka layin da ya raba likita da mai talla ba a fili yake ba kamar yadda muke zato, tsoho in ya rikice yana da uzuri.

Yanzu maganar awo, wadda ta shafi bincikenki. Ma'aunin da kusan kowa yake ɗauka shine eHEALS, wasu 'yan Kanada biyu Cameron Norman da Harvey Skinner suka fitar dashi a 2006. Jimloli 8 ne, kowacce maki 1 zuwa 5, jimla daga 8 zuwa 40, irin su na san inda zan samu bayanin lafiya a intanet, ina iya bambance mai inganci da marar inganci. An fassara shi zuwa Sinanci an yi ta amfani dashi a kan tsofaffi, kuma abinda ake samu kusan iri ɗaya ne ko ina, mai ilimi ya fi, na birni ya fi na ƙauye, ɗan 60 ya fi ɗan 80, wanda 'ya'yansa suke koya masa ya fi wanda aka bari shi kaɗai. Wannan gaskiya ne amma ba labari bane. Matsalata dashi biyu. Na ɗaya mutum ne yake bawa kansa maki, dattijuwar nan ta Nanjing da na bata takardar 5 zata cike a wajen bambance mai inganci, tana da yaƙini ɗari bisa ɗari, kuma tun 2011 masu bincike a Holan suka zaunar da mutane gaban kwamfuta suka ga makin da mutum ya bawa kansa bai cika tafiya da abinda ya iya a aikace ba. Na biyu an tsara shi ne don mai zama ya yi bincike a kwamfuta, kafin iPhone ta fito a 2007, kafin WeChat a 2011, kafin Douyin a 2016, bai san da zaman mutumin da bayani yake biyo shi har gado ba.

Haka alƙaluman da gwamnati take alfahari dasu, cewa masu sanin lafiya sun tashi daga kashi 6.48 a 2008 zuwa 31.87 a 2024, har an wuce burin kashi 30 da aka sa wa 2030. Cigaba ne na gaske, amma binciken daga shekara 15 zuwa 69 yake tsayawa, 'yan 70 da 80 da suka fi kowa shan magani basa ciki. In kuma kika ci karo da takardun da suke cewa tsofaffi masu hawa intanet sun fi lafiya, sun fi kaifin ƙwaƙwalwa, basu cika damuwa ba, yawanci daga CHARLS ake ɗebo su, babban binciken da Jami'ar Peking ta fara a 2011 da mutum wajen 17,000 'yan 45 zuwa sama a larduna 28, ana komawa wajensu bayan 'yan shekaru. Bayanan masu kyau ne, fassarar ce ake zarcewa. Wanda idonsa yake gani, hannunsa baya rawa, yayi makaranta, yana da fanshon sayen waya, dama shine zai hau intanet kuma dama shine zai fi lafiya, tambayar kuma sau da yawa kawai kana hawa ko baka hawa ce, ba'a san ko jikansa yake kira a bidiyo ko laccar farfesan ƙwai yake kallo ba. Ni abinda na yarda dashi a ciki shine ɓangaren rage kaɗaici, ganin fuskar jika kullum ba ƙaramin abu bane.

Asibitocin intanet kuwa, inda ake ganin likita ta waya, akwai su, ɗaya daga cikin na farko a Wuzhen aka buɗe a Disambar 2015, yanzu dubbai ne, amma dokar 2018 ta taƙaita su ga wanda likita ya riga ya gani ido da ido, bibiya da sabunta magani, ba gano ciwo daga farko ba. Kuma in kin duba da kyau sau da yawa 'yar da take Shenzhen ce take yankarwa uwarta kati a Hunan, har wata sana'a ta ɓullo ta masu raka tsoho asibiti a biya su, su danna masa na'ura su karɓo sakamako.

Abinda na ga yana aiki duk yana da siffa ɗaya, mutum ne da tsohon ya riga ya yarda dashi ya shigo cikin wayar. Likitan ƙauye ko nas ɗin asibitin unguwa da take yi musu awon shekara kyauta, wanda ake yiwa 'yan 65 zuwa sama tun 2009, ta buɗe grup ta ce duk abinda aka turo muku ku turo min kafin ku saya ko ku daina shan magani, ta amsa da murya da yarensu. Wannan ƙaramar al'adar ta tambaya kafin aikatawa ta fi koya masa duba adireshin shafi sau goma. Makarantun tsofaffi da aka fara a Shandong a 1983, har aka buɗe ta ƙasa a Maris 2023, suna da ajin waya kuma wanda tsoho ɗan'uwansu yake koyarwa ya fi shiga, sai dai 'yan birni masu fansho ne suke cika su. Saƙo gajere shima yana zama, kamar yadda aka ɗaura alamomin shanyewar jiki a kan lambar motar asibiti 120, 1 duba fuska ko ta karkace, 2 ɗaga hannu biyu ko ɗaya ya saki, 0 saurari magana ko ta sarƙe, sai ka kira lambar. 'Ya'ya kuwa takobi ne mai kaifi biyu, su suke saya musu wayar su saka musu manhaja, amma basu da haƙuri, sai su fizge su danna su miƙo, kuma mafi muni shine uba ya turo abu a grup ɗin dangi ɗa ya manna masa ƙaryatawa a gaban surukai da jikoki. WeChat tana da ƙaramar manhajar ƙaryata jita-jita tun 2017, tana da amfani, amma in ka kunyata dattijo da ita ba daina yarda zai yi ba, daina turowa inda kake zai yi, ya koma grup ɗin da ake ce masa Baba.

Don haka a bincikenki Malama, ki yi amfani da eHEALS ɗin in kina so ki gwada da na wasu ƙasashe, amma kar ki tsaya a nan. Ki samo saƙonni huɗu ko biyar na gaske da suke yawo a wayoyin garinku, wasu ingantattu wasu na ƙarya, har da na murya tunda da yawa basa karatun boko, ki kunna musu ɗaya bayan ɗaya ki tambaya me zasu yi in wannan ya shigo musu yau, zasu tura gaba, zasu gwada, ko zasu tambayi wani, kuma waye wanin. Ki rubuta waye ya saba turo musu irin wannan, wa yake riƙe musu wayar, sannan ki tambayi masu hawan jini da suga ko sun taɓa ajiye magani saboda abinda suka ji a waya. Tambayar ƙarshen nan kar ki yi ta sanye da kayan aiki a ɗakin awo, ce miki zasu yi basu taɓa ba, ki bari sai kun zauna a benci a waje.